Cuilan Mai Ƙwai Ta Hana Mijinta Ƙwai

Duk wanda ya taɓa hawa mota a tashar garinmu ya san Nie Cuilan, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai tukunya a bakin ƙofa, mai sayar da ƙwan da ake dafawa a ruwan ganyen shayi da kayan ƙamshi har ɓawonsa ya tsattsage. Teburina yana jingine da nata, ni awara nake sayarwa da madarar waken suya, kuma tun muna da baƙin gashi muke zaune a haka. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ba kullum muke shiri ba, bakinta ya cika kaifi, amma in ɗaya ta zaga ɗaya ce ke tsare mata kaya.

'Yar ƙauye ce daga bakin kogin Huai, ta taso a zamanin da yaro ba ya ganin ƙwai sai ranar haihuwarsa ta zagayo. Da wannan tukunya ta kai 'yarta Yanni makaranta har ta sami aiki a birnin Suzhou. Mijinta, Kuang Deshun, gyaran keke yake yi a tsallaken titi, har kekuna suka koma masu batir, sana'ar ta tafi ta bar shi zaune. Mutum ne mara magana, kuma ban taɓa jin ya musa mata ba. In ta ce ya sa hula sai ya sa, in ta ce ya cire sai ya cire. Direbobi suna tsokanarsa wai ko atishawa zai yi sai ya nemi izini, shi kuwa murmushi kawai yake yi.

Abu ɗaya ne Cuilan ba ta wasa da shi, ciwon daji. Shi ya kashe mahaifinta. A gidansu har yau cewa suke ƙarin dajin yana kwance lafiya a cikin tsohon, sai da ya ci naman zakara a bikin sabuwar shekara sannan ya tashi. A wajenmu kowa ya san akwai abincin da ke ta da ciwo. In mutum yana da ƙurji, ko rauni, ko wani abu kwance a jiki, ba a ba shi zakara, ba a ba shi naman rago ko jatan lande. Ni ma haka uwata ta koya mini, ban taɓa tambayar dalili ba.

Bara da bazara aka yi wa tsofaffi gwajin jini kyauta a ƙaramin asibitin gari. Ranar jin sakamakon Deshun, Cuilan ta ja ni muka raka shi, wai kunnena ya fi nata. Likitar yarinya ce, da ƙyar ta kai shekarun Yanni.

"Kawu, komai lafiya lau sai abu ɗaya," in ji ta. "Albumin ɗinka ya yi ƙasa."

Cuilan ta ce, "Mene ne kuma wannan?"

"Wani sinadari ne a cikin jini, Inna. Hanta ce ke haɗa shi daga abinci mai gina jiki."

"To me ya sa nasa ya yi ƙasa?"

"Yana iya zama rashin cin abinci sosai. Yana iya zama hanta ko ƙoda. Sannan an yi bincike a kan mutanenmu masu yawa, an ga waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi gamuwa da ciwon daji. Ban ce yana da shi ba fa."

"Yana da shi ko ba shi da shi?"

"Wannan gwajin ba ya nunawa."

"To me yake nunawa?"

"Cewa ya yi ƙasa."

Cuilan ta dube ni, ni ma na dube ta. Likitar ta ce a riƙa ba shi ƙwai da kifi da nama, sannan a kai shi babban asibitin gunduma a duba cikinsa. Muka yi godiya muka fito.

A bakin ƙofa Cuilan ta tura Deshun gida, ta riƙe hannuna. "Ƙanwata, kin ji abin da na ji? Ta ambaci daji, sannan ta ce in ba shi ƙwai da kifi. Ko dai ba ta da uwa ne a gida?"

Na ce, "Ai ta ce ba shi da shi."

"Ba ta ce ba shi da shi ba. Cewa ta yi ba ta ce yana da shi ba."

Na juya maganar a kaina har na ji jiri. Babban asibiti kuwa Cuilan ta ce ba da ita ba, can aka kai mahaifinta da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance. In abu yana barci, in ji ta, ai ba ka kai shi inda za a tsokane shi. Nata aikin shi ne ta hana shi tashi.

Da farko zakara da rago da jatan lande kawai ta hana. Sai ta shiga tambayar mutane, kuma a tasha ba a rasa masani. Mai sayar da tikiti ta ce tarwaɗa da duk kifin da ba shi da ɓawo. Wani direba ya ce a'a, mai ɓawon ne ma ya fi haɗari. Cuilan ta rasa wanda za ta bi, sai ta hana duka. Wata tsohuwa mai jiran mota ta ce kaza ma, in dai ta taɓa yin ƙwai. Mai gadi ya ce to in kaza tana ta da ciwo, ina ga abin da ya fito daga cikinta? Ranar nan Cuilan ta zauna tana kallon tukunyarta kamar ta kama ta da sata.

Ranar da wata fasinja ta ce waken suya ma yana ciki, sai da muka yi cacar baki. Na ce, "Yaya, awarata? Awarar da ake kai wa masu jego?" Ta ce ba ta ce awarata mugunta ce ba, amma mijinta ba abin gwaji ba ne. Na yi fushi, na yi kwanaki ba na tsare mata kaya. Amma kada ku ɗauka na fi ta sani. Da za a tambaye ni ko ƙwai yana ta da ƙari, da na ce ban sani ba, kuma har yanzu in na ce na sani ƙarya nake yi.

Abin da ya rage wa Deshun shi ne kunun shinkafa da dafaffen kabeji. Safe kunu, rana kunu, yamma kunu da kabeji. Yakan zo ya zauna kusa da mu, ƙamshin ƙwai yana dukan hancinsa, sai ta kore shi tsallaken titi, wai ko tururin ba ta yarda da shi ba. Ya tashi ya tafi ba musu. Wandonsa ya fara zamewa, ta huda masa sabon rami a bel. Can kuma ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, Cuilan ta ce to ga shi ya fara ƙiba ta ƙasa.

Da kaka ta yi suka koma aka sake ɗibar jini. Albumin ya ƙara sauka. Likitar ta tambaya ko yana cin abin da ta ce, Cuilan ta ce yana ci, domin a ganinta yarinya ba za ta gane ba. Da ta dawo tasha fuskarta ta yi fari fat.

"Duk wannan kiyayewar kuma ya sauka," in ji ta. "Ashe akwai abin da nake ba shi mai ta da ciwo ban sani ba. Ko kabejin ne?"

Na ce, "Ko kuwa yunwa ce, Yaya."

"In yunwa ce, me ya sa ya yi ƙasa tun farko, lokacin yana cin komai?"

Tausayinta ya kama ni, da haushinta, duka a lokaci guda. Kullum da safe nakan ga idanunta sun kumbura, tana ɓare wa baƙi ƙwai tana ba su canji, mijinta yana tsallake yana ramewa.

Lokacin bikin tsakiyar kaka Yanni ta zo gida. Ta ga ubanta ta ajiye jaka ta fashe da kuka, washegari ta sa shi a mota ba ta nemi izinin kowa ba. Aka zura masa na'ura ta baki aka duba cikinsa. Akwai ƙari a tumbinsa. Ni ina can, Cuilan ce ta ce in zo. Da likitan tiyata ya faɗa, sai ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka ba gaskiya a kotu bayan ta rasa gida.

Likitan dattijo ne, ba ya kwana-kwana. Ya ce ƙarin bai yi nisa ba, ana iya yanke shi. Amma ba zai sa wuƙa a jikin mutumin nan yanzu ba, don jininsa ya yi rauni ƙwarai, in aka yanka ɗinkin ba zai kama ba. Sai an ciyar da shi tukuna, albumin ya ɗan hau. Kuma ƙarin ba zai zauna yana jiranmu ba.

"Me kuke ba shi a gida?" ya tambaya.

Yanni ta ce, "Kunu."

Ya cire tabarau ya dubi Cuilan. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Inna, ba ke kika sa masa ƙarin nan ba, wataƙila ma shi ya fara janye masa jini. Amma daga yau ƙwai da kifi da madara, ko ba ya so."

A waje Cuilan ta jingina da bango. "Ƙanwata, ki warware mini. Ban ba shi ba, ciwon ya tashi. In na ba shi, an ce zai ƙara tashi. In ban ba shi ba, ba za a yanke ba. To watannin nan da na hana shi, tsare shi na yi ko me na yi?"

Na ce mata mu je mu dafa kawai.

A bayan asibitin akwai wani ɗan kicin da masu jinya ke hayar murhu. Cuilan ta dafa romon kifi, ta fasa ƙwai a ciki, ɓawo ya faɗa, na tsame mata. Muka hau da kwanon. Deshun yana zaune a kan gado, wuyansa ya yi siriri cikin rigar asibiti. Yanni ta karɓi kwanon ta miƙa masa cokali.

"Baba, ci."

Ya riƙe cokalin bai kai baki ba. Yanni ta ce likita ne ya ce. Ya gyaɗa kai, amma bai ci ba. Ni ma na sa baki na ce zai huce. Idonsa yana kan matarsa, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa.

"Tsohuwa," in ji shi, "ni ban gane komai ba a maganar nan. Tun ranar farko ban gane ba. Na ga dai in na sha kunu kina samun barci. Yanzu ki faɗa mini, in ci ko kada in ci?"

Cuilan ta dubi kwanon, ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura a ƙarƙashin bargo. Na san mahaifinta take gani a kan gadon nan, kuma na san ba ta yarda da likitan ba har cikin ranta.

Ta juya mana baya, ta dafa ƙofa da hannu biyu.

"Ci," in ji ta. "Ka cinye duka."