Ɗankore da Muryar Baba

Bana shekara sittin da ƴan kai ke nan da mutuwar Ɗankore. Na san wasu za su ce tsohuwar nan ta rasa abin rubutawa, ta zo tana ɓata jarida a kan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba. Su yi ta faɗa. Na yi rashin mutane da yawa a rayuwata, na yi haƙuri, amma wannan har yau da sauransa a zuciyata.

Ɗankore ƙaramin aku ne irin na ƙasashen waje, kore shar, kansa rawaya. Wata Banasara ce ta bar wa Baba shi lokacin da suke tattara nasu-ya-nasu, bayan an samu mulkin kai. Da ya shigo da kejin, Inna ta ce ita dai ba ta ga amfanin tsuntsun da ba ya ƙwai, ba ya kuma isa miya ba.

Baba babbar mota yake tuƙawa tsakanin Agadas da Dirkou. In ya dawo, yana zama a rumfa da shayinsa, keji a gefe, yana ta yi wa tsuntsun hirar hanya. A haka ɗan banzan ya kwashe komai: gyaran muryar Baba, ƴar dariyarsa ta hanci, da yadda yake cewa, "Maimuna, a ɗora shayi." Sau nawa Inna ta fito da buta a hannu ta tarar ba kowa sai shi, yana karkata kai! Ta yi ta zaginsa, mu kuwa muna birgima don dariya.

Ina ƴar shekara goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama Baba a Dirkou. Can ya rasu, can aka rufe shi. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba, hoto ma bai taɓa ɗauka ba. Abin da ya rage mana na Baba shi ne abin da ke bakin Ɗankore.

Inna ta shiga takaba tare da Ɗankore. Matar da ta raina shi ita ce ta koma tana surfa masa gero, tana sake masa ruwa safe da yamma. In ya yi gyaran muryar nan sai ta tsaya cak da abin da take yi, wani lokaci har ta amsa a hankali. Mu yara mun koyi yin shiru in ya fara.

Ranar fitar takaba gida ya cika da mata. Gwaggo Hadiza, yayar Baba, ita ce kan hidima, kuma a unguwarmu ba wanda ya kai ta iya haɗa turaren wuta. Yadda ake yi shi ne a baza sababbin kayan da mai fita za ta sa a ɗaki, a zuba turare a kaskon garwashi, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa, don ƙamshi ya kama tufafi sosai. Ana cikin haka Gwaggo ta hangi ƴaƴan baƙi suna tsokanar Ɗankore da kara. Ta daka musu tsawa, ta ɗauki kejin ta kai ɗakin turaren, inda ta san ba yaron da zai shiga, ta sake jan ƙofar.

Bayan azahar aka buɗe. Yana kwance a ƙasan keji, ƙafafunsa a dunƙule.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana cewa ita fa ɓoye shi ta yi. Kuma gaskiya ta faɗa. Wa ya taɓa gaya mana cewa hayaƙin da muke turara jarirai da amare da shi zai iya kashe tsuntsu? Inna ba ta yi mata faɗa ba. Ta dube mu, ta ce, "Yau kam babanku ya tafi." Ta sa kayan, ta gaisa da mutane yadda ya kamata. Amma har ta bar duniya ba a ƙara kunna turare a ɗakinta ba, Gwaggo kuwa ta daina haɗa shi ko don biki.

Yanzu jikokina suna aika murya ta tarho, su saurara, su goge, ko a jikinsu. Da Ɗankore yana nan, na tabbata da ƙarar tarhon zai fara koya, ya sa gida duka laluben aljihu. Nakan yi dariyar wannan, sai kuma baƙin ciki ya biyo baya. Da ma kejin ya wuni a rumfa da karan yara da komai. Da ma wani ya bar taga a buɗe.

Kwanan baya jikata Zainabu ta tambaye ni yadda muryar Baba take. Na rufe ido na nema, na gyara zama, na kwaikwaya mata iyakar iyawata. Ta kwashe da dariya, ta ce, "Kaka, ai wannan muryar tsuntsu ce."

Na sake nema, ban samu wata ba. Na ce mata e, ita ce ta rage.