Zaren Gwaggo Kyauta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris 1958, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran Gwaggo Kyauta, ƙanwar mahaifina, a gidanmu na unguwar Kilomita Biyar. A lokacin ina cikin jirgin ruwa daga birnin Barazabil, da takardar shaidar malamin asibiti a akwatina. Na iso kwana uku bayan an rufe ta.

Gwaggo, ina da shekara huɗu shan inna ya kama ƙafata ta hagu. Tun daga nan, kullum da safe sai ki ɗora ƙafar a cinyarki, ki shafa man kaɗe, ki danna tafin ƙafar zuwa sama har jijiyar agara ta miƙe. Ina kuka, kina cewa, "Yi haƙuri, babana, za ta kamo 'yar'uwarta." Kowace ƙaramar Sallah sai ki zagaya sharaɓar da zare don awo, ki ƙulla, ki ajiye a gwangwanin shayi. Shekara goma sha ɗaya kina haka.

Shekarata ta farko a makarantar malaman asibiti na koyi cewa miƙewa ba ta sauya siffar sharaɓa, ba ta mai da naman da cuta ta cinye. Na auna tawa, ta hagu ta kasa ta dama da santimita bakwai. Na rubuto miki haka, har da lambar. Baffa Ɗan'azumi ne ya karanta miki. Ya ce da ya gama, sai kika ce, "Rubuta masa, ya dai riƙa miƙe ta."

Abin da na rubuto gaskiya ne, amma rabi. Bara aka kai mu ɗakin masu shan inna, na ga waɗanda ba a taɓa miƙe wa ƙafa ba. Agara ta ɗaure, diddige a sama, wasu da rarrafe. Ni diddigena yana taka ƙasa. Na ƙi sa wannan a wasiƙa, na ce sai na zo na faɗa da bakina.

Jiya 'yarki Zulai ta miƙo mini gwangwanin. Na jera zaren a tabarma, na auna kowanne sau biyu. Ban san abin da nake nema ba.

Ya Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yalwata kabarinta, ka sa kowace safiyar nan a mizaninta. Ka ba Zulai da Baffa da dangi na unguwannin Miskin da Kokoro haƙuri. Rabin da ban faɗa ba kuwa, ka isar mata, don ni ba ni da hanya.

Abdulmutallib Mahaman