Shekarar da Hannun Kaka Ya Ƙi Kamawa

Har yau idan man shanu ya ji wuta, ƙamshinsa ya bugo ni, sai gabana ya faɗi. Da shi mai ɗori yake murza hannun Kaka a daminar da ta karye, lokacin muna zaune a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa.

Ka san abin da ya fi ba mu tsoro? Ba faɗuwa ta yi ba. Tulu ta zo jawowa, ba ma cikakke ba, sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ta zauna a ƙasa riƙe da wuyan hannunta na dama, tana kallonsa kamar na wani.

Kaka ita ce ungozomar ƙauyenmu. Da wuya ka ga yaro a unguwa wanda ba ita ta yanke masa cibiya ba. Ga Inna kuma da tsohon ciki, bayan biyun da ta haifa a bayana ba su zo da rai ba. Duk wanda ya shigo jaje sai ya dubi hannun, ya dubi cikin Inna.

Daga Mairuwa aka ɗauko mai ɗorin, a kan keke. Ya ja, ya jera karare, ya ɗaure, ya tofa addu'a, ya ce kafin a gama noman farko za ta yi daka da shi. Aka gama noman farko, aka yi maimai, gero ya fara fitar da kai. Da aka kwance, hannun na nan a lanƙwashe, yatsu sun kumbura sun yi sheƙi. Ya sake ɗaurawa. A zuwansa na ƙarshe ya daɗe yana lalube, sannan ya ce, "Iya, ƙashin nan ba shi da nauyi. Ina haɗawa yana zamewa."

Ni ke ɗaura mata zani, ni ke zuba mata ruwan alwala. Kullum da safe sai ta ce in sa mata ludayi a tafin hannu. Ta matse, ta cije leɓe, ludayin ya suɓuce. In ɗauka ba tare da na dubi fuskarta ba.

Shekarun nan ne maza suka yi ta barin gona suna bin kamfanonin hanya, kuɗi sun shigo ƙasa. Baba ma yana can wajen Ƙanƙara yana aikin kwalta. Da labari ya kai masa, ya zo da motar a-kori-kura ya kai ta asibiti. Likitan ɗan Indiya ne. Ya ɗaga hoton ƙashi ga haske, tafinta ya ce ƙasusuwanta duka sun zaizaye ta ciki, kamar itacen da gara ta ci. Aka sa mata siminti har gwiwar hannu. Ashe ba hannun kaɗai ba ne. Daga ranar, ko tari ta yi sai mu zabura. In an yi ruwa, ina gabanta ina watsa toka a inda za ta taka.

Naƙuda ta kama Inna da hantsi, ana tsuga ruwa, rafi ya cika ya raba mu da hanyar mota. Kaka ta sa aka kira gwaggona, wadda ba ta taɓa karɓar haihuwa ba. Ni aka bar ni a bakin ƙofa da tukunyar ruwan zafi, ina jiyo muryar Kaka.

"Ba nan ba, ƙasa kaɗan. Mi kika ji?"

"Cibiya ce, Iya, ta naɗe masa wuya!"

"Sa yatsa ki zare ta a hankali. Kada ki ja. Na ce kada ki ja!"

Sai shiru. Ruwa na dukan jinka, ni kuma ruwan zafin ya zubo mini ban ma ji ba. Can sai kuka ya tashi, siriri, sannan ya ƙarfafa.

Da aka bar ni na shiga, na tarar gwaggo tana miƙa wa Kaka jaririn. Kaka ta miƙo hannu, sai ta janye. "Ɗora mani shi bisa cinya," ta ce. Ta shafa kansa da hannun hagu, hawaye na bin kumatunta.

Sai bayan girbi aka fasa simintin. Ƙashin ya kama, amma a karkace, kuma ba ta ƙara riƙe reza ba. Gwaggo ce ta gaje ta, ita kuwa tana gefe a zaune tana ba da umarni har ƙarshen rayuwarta.

Yanzu ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga, mun dawo cikin garin Ƙanƙara. Mata a asibiti suke haihuwa, ciwon Kaka ma an ce yana da suna da ƙwayoyinsa. Na zarce shekarun Kaka na wancan lokaci. Watan jiya ciwon baya ya matsa mini, ƙanen nan nawa, da furfurarsa, ya kai ni aka ɗauki hoto. Likitan, yaro ne matashi, ya daɗe yana kallo yana neman ta inda zai fara.

Na ce, "Faɗi, ɗana. Tun ina yarinya na san shi."