Wa Zai Yanka Ragon Inna

Ni dai Babbar Sallah ta fita raina tun shekarar da Baba ya rasu. Mutane suna ɗokin ɗinki da lalle, ni kuwa da na shiga motar Malumfashi daga Funtua gabana yake fara faɗuwa.

Mu uku Inna ta haifa: Yaya da ke aiki a Kaduna, sai ni, sai Auta da ya zauna gida yana noman masara, shi ya yi jinyar Baba har ƙarshe. Ranar Sallah Inna ba ta sa komai a bakinta sai an yanka rago an gasa mata hanta. Da Baba yana nan, kafin hantsi ta karya. Yanzu ga ciwon suga, likita ya ce kada ta riƙa zama da yunwa.

Sallar farko bayan rasuwar Baba, ana saukowa daga idi Auta ya wasa wuƙa. Yaya ya fito da babbar rigarsa ya miƙa hannu.

"Kawo nan."

"Yaya, ai ni nake yankawa tun da ƙafar Baba ta ƙi."

"Ina tsaye? Kai, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Na sani. Da baƙon da muke gani daga Sallah sai Sallah."

Shi ke nan fa. Yaya ya koma zaure ya harɗe, ya ce zai ga mai taɓa ragon nan. Auta ya yar da wuƙa ya shige ɗakinsa. Matansu kowace ta janye 'ya'yanta. Rago yana ɗaure a gindin dalbejiya, ni kuma na zama 'yar aike: in je zaure in yi magiya, in dawo ƙofar Auta in yi magiya. Ƙarti biyu, har da mai furfura a gemu! Wallahi na gaji da su.

Na ce, "Inna, ki yi wa Yaya magana mana."

Ta kawar da kai. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta tsaya gabansa ta yi masa faɗa. Auta kuma, ta ce da wane ido za ta ce ya haƙura, bayan shi ya riƙa ɗaukar Baba a bayansa zuwa makewayi? Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ki gaya wa wancan rana tana yi."

Na dama mata fura, ta ce in ajiye. Aka kira azahar, aka idar. Maƙwabta har sun fara suya, ƙamshi yana shigo mana ta kan katanga. Ina waigowa na ga zufa tana keto wa Inna, sai ta sulale daga kan kujera.

Na kurma ihu. A guje suka zo, su biyun, kowa yana "Inna! Inna!" Na ɗura mata ruwan sukari har ta buɗe ido. Ranar na manta da wani girman yayantaka, na wanke su tas, sannan na leƙa na roƙi malamin da ke maƙwabtaka da mu ya zo ya yanka. Da aka kawo wa Inna hantar, tsoka ɗaya ta gutsura ta ture kwanon.

Da shekara ta zagayo, ana jibi Sallah, sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gidana a Funtua. Inna ce, da ɗan ƙullin kayanta. Matar da ko ruwa ba ta taɓa sha a gidan surukinta ba! Maigidana ya durƙusa ya gaishe ta, ya sulale waje ya rasa inda zai sa kansa.

Ta ce, "A nan zan yi Sallah."

"Inna, a gidan suruki? Me mutane za su ce? Su Yaya fa?"

"Su yanka su ci. Gara in ji kunyar mijinki da in zauna ina kallon 'ya'yana."

Na karɓi ƙullin daga hannunta, na shiga na share mata ɗakin yara.