Kan Famfon da ke Aljihun Sifana

Kafin rana ta yi zafi, Sifana ya riga ya hau rufin cibiyar adana bayanai, wato ƙaton ginin nan marar taga da mutanen unguwa ke kira gidan sanyi. A ciki kwamfutoci ne jere kamar kabad-kabad, suna huci ba hutu, riƙe da ajiyar bankuna da asibitoci da hotunan wayoyinku. In zafi ya yi musu yawa sai su ɗauke. Ruwa ke sanyaya su, ruwan kuma a hannun Sifana yake. Yakan dafa kowane injin tura ruwa da tafin hannu, ya leƙa tankuna, sannan ya sauko ya zagaya bayan katanga, ya ciro kan famfo daga aljihu.

Ruwan da ya gaji da zagaya injina, da can kwata ake sakar masa. Sifana ne ya roƙi masu ginin na farko suka bar shi ya huda katanga ya ja bututu waje. Ba na sha ba ne, shi ya sa yake cire kan famfon in an gama, kada yara su kafa baki. Amma da shi masu wanki da masu buga bulo suke cin abinci.

"Angon ruwa, yau ma amarya ta riƙe ka?" Gwaggo mai wanki ke nan, uwar layin bokitai.

"Gwaggo, da bakinki famfo ne, da unguwar nan ta huta."

Ni ne maigadin ƙofar nan. Ban taɓa zama a aji ba, amma a kan idona kamfani bayan kamfani suka sayi ginin, kuma duk wanda ya zo da niyyar sallamata shi ya riga ni fita. In na ce mutum ya isa, to ya isa.

Masu ginin na yanzu sun zo da zancen ƙirƙirarriyar basira. Aka shigo da sababbin injina, kabad ɗaya yana shan wutar da za ta ishi layi guda, zafinsa kamar gidan burodi. Masu hayar injinan ba su da magana sai wuta da sanyi, da kada aiki ya tsaya ko na ƙiftawar ido. Ruwa ma aka ce za a riƙa tace shi ana mayarwa ciki. Injiniya, shugabar ginin, ba muguwa ba ce. Ta kira Sifana ta ce, "Baba, daga sama ne. Sun ce famfon waje asara ne. Ranar da ka ajiye aiki za a toshe shi."

Tun daga ranar abinci ya daina shigarsa. Yana ta juya kan famfon a aljihu, ya rasa da wane baki zai gaya wa Gwaggo, wadda da wankin nan take riƙon marayun ɗanta.

Ana cikin haka, tsakiyar bazara da rana tsaka, masu aikin titi suka fasa babban bututun da ke kawo mana ruwa. Titin kuma sun haƙe shi, sai motar tanka ta yi dogon zagaye. Tankin ƙasa ya fara ja baya. Injiniya waya a kunne, gumi har wuya, ta ce, "Baba, in ya ƙafe kafin mota ta iso, kashe injinan za mu yi. Akwai asibitoci a kansu."

Sifana ya fita bayan katanga ya ce wa masu jiran ruwa, "Ku yi haƙuri, yau babu. Mu ma nema muke." Bai roƙi kowa komai ba, ya juya.

Gwaggo ta ƙara ɗaure zani. "Kai, mai bulo, durom ɗinka ado ne? Ku kira min 'yan garuwa!"

Sai ga kura bayan kura, jarkoki suna kaɗawa, mata da bokitai a ka, daga rijiyar masallaci da burtsatsen bakin kasuwa. Ni na wangale musu ƙofar baya, ban tambayi kowa ba, don irina ba ya jiran a ce masa buɗe. Sifana ya tsaya a bakin tanki da ƙyallen tacewa, ana juyewa yana duban ciki, leɓensa ya bushe. Wa zai cika wannan tanki da jarka? Ba su cika shi ba. Amma sun hana shi ganin ƙasa har motar ta iso.

Kai ne, Sifana, mai shayar da ƙarfe ka rage wa mutane. Kai ka huda katangar da aka gina don kada a san mu da maƙwabta, kuma ta wannan huda aka ceci ginin.

Ranar sallamarsa masu wanki suka taru a ƙofa, don labarin toshewa ya riga ya fita. Sifana ya ciro kan famfon, ya sa shi a tafin Injiniya a gabansu.

"Ranki ya daɗe, ga shi. Da safe ake buɗewa. Ki cire in an gama, saboda yara."

"Baba, na roƙi na sama su bar famfon, har yanzu ba su ba ni amsa ba."

"Na sani, 'yata."

Washegari Injiniya da kanta ta zagaya, da takalmin ofis cikin caɓi, ta murɗa. Ruwa ya zo. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Amaryar ruwa, kin makara."

Sai dai ga sabon gini can yana tashi a gefe, an ce shi ko ɗigo ba zai zubar ba, kuma masu ginin namu shiru kan zancen famfon. Kullum da safe ina kan bencina ina kasa kunne, zuciyata ba ta kwanciya sai na ji ruwa ya bugi gindin bokiti.

Mun gode, Sifana, Allah ya sa hutu da lafiya. Ku kuma masu gina gidajen sanyi a unguwannin mutane, ku koya daga wannan bawan Allah: kafin ku toshe bututu, ku zagaya bayan katanga ku ga su wa ke tsaye da bokiti.