Dattijo da Karensa a Kasuwar Kafin Hausa

Gaban rumfar mai maganin shanu, wani dattijo yana tsugune da kare a cinyarsa. Kan karen ya lotsa ta bayan kunne, irin lotsawar da ƙotar fartanya ke yi. Ina jin shanu ne suka shiga shinkafar wani, aka huce a kan mai gadinsu.

"Baffa, ƙashi ne ya fashe," in ji mai magani, hannayensa a baya. "Kuma kare ne. Matsa, kana korar mini mutane."

Dattijon yana jiƙa bakin rawaninsa, yana ɗiga wa karen ruwa a harshe. An kira la'asar, kowa ya watse. Ya dubi rigarsa, duk jini da yawu, ya dubi masallaci, ya gyara zama.