Bin Sawun Alewar da Na Aika wa Kawu Haruna

Kudan, biyar da kwata na asuba

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jakata, ko shayi ban tsaya haɗawa ba. Maigidana Malam Isiyaku ya riga ya tura babur ƙofar gida yana ta fama da shi, don an kwana ana ruwa inji ya yi sanyi. Sai a bugu na bakwai ya tashi. Na hau na ce masa don Allah ya yi sauri. Ya ce, "Malama, a cikin wannan taɓon? In muka faɗi wa zai kai saƙon?" Na san gaskiyarsa, amma raina bai so jin ta ba.

Ga abin da ya fitar da ni. Ƙanena Nasiru yana aiki a Legas, a wani wurin motsa jiki inda mutane ke zuwa ɗaga ƙarfe. Da ya zo gida makon jiya ya kawo tsarabar wata alewa kwali biyu. Kowace ɗaya ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, an naɗe ta a leda mai ƙyalli, ga ɗanɗanon cakulan da gyaɗa. Ya ce mutanensu na can suna cin ta don jiki ya ginu. Kun san yadda muke da tsaraba, babba ake fara cire wa, in kuma akwai mara lafiya a dangi nasa ne mafi kyau. Kawu Haruna na Janfalan, yayan mahaifiyarmu, ya haɗa duka biyun. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, kuma shekara guda ke nan yana fama da ciwon ƙoda. Ni da hannuna na ware masa kwali guda cur, mai guda ashirin da huɗu, na ba wani mai zuwa can na ce, "Ka ce masa abin ƙara ƙarfi ne daga Nasiru."

Jiya da la'asar matarsa Inna Lami ta kira ni da wayar aro. "Dije, an gode, an gode. Maganin nan yana shan sa yadda ya kamata, safe da rana da yamma, bai taɓa tsallakewa ba." Na ce wane magani? Ta ce na Nasiru mana. Sai dai cikinsa na ta ƙugi, ƙafafunsa kuma sun ɗan tasa. Nan layin ya katse. Na kira ya fi sau ashirin, waya a kashe.

Na ɗauki guda a cikin rabonmu na ruga wurin maƙwabciyata Rabi, ma'aikaciyar jinya. Ta sa tabarau ta juya bayan ledar. "Furotin gram ashirin a guda ɗaya," in ji ta. "Sinadarin gina jiki, irin na nama da wake. Kamar ƙwai uku ke nan. Sau uku a rana, ki ce ƙwai tara. Ba shi ne likita ya ce ya rage nama ba?" Na ce shi ne. Ta ce gari na wayewa in kama hanya, in hana shi, in kai shi a auna jininsa.

Tashar Yari, bakwai saura kwata

Tafiyar da muke yi a ƙasa da awa ɗaya ta ci mana awa ɗaya da rabi. Gonakin rake dama da hagu sun sha ruwa har sun kwanto kan hanya, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa. Malam ya sauke ni a bakin babban titi, ya tsaya har na sami ƙaramar mota mai shiga Makarfi. Ya ce, "Ki kira ni duk inda kika sauka. Kuma ki ci wani abu." Na ce to. Abincin da ke cikin jakata shi ne alewar nan guda ɗaya, ita kuwa ko kallon ta ba na son yi.

Makarfi, bakwai da ashirin

Ba ranar kasuwa ba ce, don haka tasha ta yi sanyi. Motar Ikara na cin mutum shida, ni ce ta biyu. Na tambayi direban yaushe za mu tashi. Ya ce, "Hajiya, da ta cika." Na ce ina da mara lafiya. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, da ta cika za mu tashi." Da a ajina na makaranta ne da ya ji bakina, amma mota tasa ce.

A zaman jiran nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun kwana shida da suka wuce. Na fito da alewar na karanta bayanta layi-layi. Furotin da aka tace daga madara. Wani kuma daga waken suya. Gyaɗa, garin cakulan, man girki, gishiri, da wani abin zaƙi da ba sukari ba mai dogon suna. Can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa yawan ci na iya sa gudawa. Shekarata goma sha tara ina koya wa yaran firamare karatu, kullum ina ce musu su karanta tambaya kafin su amsa. Ni ce na ɗauki kwali guda na aika wa mai ciwon ƙoda ban duba ko layi ɗaya ba. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar.

Wata dattijuwa mai mazarƙwaila da ke zaune kusa da ni ta leƙo. "'Yar nan, maganin mene ne wannan?" Na ce ba magani ba ne, alewa ce. Ta karɓa ta jujjuya ta miƙo mini. "A'a, wannan naɗin ai na magani ne. Ga rubutun Turawa ga lambobi." Ban yi mata musu ba. A take na gane yadda aka yi a gidan Kawu, abu ya zo daga birni da ƙyalli da lambobi, an kuma ce na ƙara ƙarfi ne.

Takwas da minti arba'in mota ta cika, muka tashi. Kuɗin mota dubu ɗaya da ɗari biyar.

Hanyar Ikara

Kimanin kilomita talatin ne, amma damina ta cinye gefen kwalta, direba na ta kauce wa ramuka. Mun tsaya a shingen bincike guda. Jami'in ya leƙa ya gaishe mu, ya ga wayata manne a kunne fuskata a murtuke, ya ce, "Hajiya lafiya?" Direba ya riga ni amsawa, "Mara lafiya gare ta, tun Makarfi take hura mini wuta." Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Wayar da Inna Lami ta kira ni da ita har lokacin a kashe take. Na yi ta lissafi a zuci, kwana shida sau uku, sha takwas. In ya ci ta safe, sha tara.

Ikara zuwa Janfalan, goma saura minti goma

Na sauka na tari ɗan acaɓa, magidanci mai furfura a gemu, na zaɓe shi don na ga ba zai yi wasa da ni a hanya ba. Sai ga shi ya fi Malam Isiyaku taka-tsantsan. A wani rafi da ya cika ya ce in sauka, ya tura babur, ni kuma na tattare zane na ratsa ruwa har gwiwa. Takalmina ɗaya ya tsinke a nan. Sha ɗaya da rabi muka tsaya a ƙofar gidan Kawu.

Janfalan

Na same shi zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ya jingina da bango. Na durƙusa. Duk wanda ya san Kawu ya san ba a yanke masa gaisuwa. Ya tambayi maigida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi makaranta, damina, rake, mutanen Kudan. Ina amsa "lafiya lau" idona na kan ƙafafunsa. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace.

Ban kai ga buɗe baki ba Inna Lami ta fito da ɗan faranti da kofin ruwa. "Malam, lokacin na rana ya yi." A kan farantin ga alewar, an ɓare ta an ajiye da ladabi. Kawu ya yi bisimilla ya ɗauka.

Tunda nake ban taɓa riƙe hannun Kawu don in hana shi wani abu ba. Ranar na riƙe. Na kama wuyan hannunsa da hannuwana biyu na ce, "Kawu, don girman Allah kada ka ci."

Inna Lami ta saki salati. Shi kuwa ya dube ni, bai janye hannun ba. "Dije, lafiyarki?"

"Ba magani ba ne, Kawu. Abincin masu ɗaga ƙarfe ne. Duk guda ɗaya kamar ƙwai uku ne, ga gishiri a ciki. Abin da likita ya hana ka ne. Laifina ne, ni ce ban karanta ba na aiko."

Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa kafin ya mayar kan faranti. Inna Lami ta shiga ɗaki ta fito da kwalin, ashe a cikin akwatin ƙwayoyinsa na asibiti take kulle shi don kada jikoki su taɓa. Saura huɗu a ciki.

"Shekara guda," in ji Kawu a hankali, "ba nama, ba wake, miya ba gishiri. Sai ga magani mai daɗi ya zo daga hannun yaron nan. Na ce ashe Allah bai manta da bakina ba."

Na fita neman mota.

Asibiti, Ikara, uku da kwata

Wani maƙwabcinsu mai motar ɗaukar tumatir ya kai mu, Kawu a gaba, ni da Inna Lami a baya kan buhu. Likitar da ta duba shi ta danna yatsa a ƙafarsa, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Na miƙa mata ledar. Ta karanta ta ce, "Ga mai lafiya ba laifi, in ya ci guda bayan aiki mai nauyi. Amma ƙodar Baba ba ta iya tace wannan lodin. Ba furotin kaɗai ba, gyaɗa da madara da cakulan suna ɗauke da wasu sinadarai da ke taruwa a jinin mai irin ciwonsa, wani har zuciya yake taɓawa." Aka ɗebi jini, aka ba shi gado, aka ce sakamako sai da safe. Muka kwana a baranda kan tabarmar aro. Inna Lami ta sayo shinkafa da wake, na ci cokali uku na ture.

Rana ta biyu

Tara da rabi likita ta kira mu. Sinadarin da take tsoro ya hau, amma bai kai inda za a tura mu Zariya ba. Ta ƙara masa magani, ta ce a dawo da shi bayan mako guda a sake aunawa, sai a lokacin za ta iya cewa ko ƙodar ta ƙara taɓuwa. Kawu ya gyara murya ya ce, "Likita, ko rabin guda ranar Juma'a?" Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ko ɓalli." Ya gyaɗa kai.

Kafin a sa shi a mota ya kira ni gefe. "Dije, abu ɗaya nake so. Kada Nasiru ya ji. Yaron nan da zuciya ɗaya ya kawo. In ya tambaya ki ce na ji daɗi, ai ba ƙarya kika yi ba." Na ce to, Kawu. Ya ce in yi alkawari. Na yi.

Sha ɗaya na bar Ikara, ɗaya saura na sauka Makarfi, na sayi silifa na jefar da tsinkakken takalmin. Biyu da rabi Malam Isiyaku ya ɗauke ni a Tashar Yari. Rana ta ɗan busar da hanya, huɗu saura muka shiga gida.

Kudan

Ban cire mayafi ba waya ta yi ƙara. Nasiru ne, murya cike da murna. "Yaya, na ji an ce Kawu na son abin nan sosai. Na sayo kwali biyu, gobe zan ba direba ya kai masa Janfalan kai tsaye, ba sai na wahalar da ke ba."

Na zauna a bakin gado. Alkawarin da na yi bai cika awa shida ba. Na ce, "Nasiru, ɗauko guda ɗaya ka juya bayanta, mu karanta tare." Muka bi layi-layi, ina gaya masa abin da likita ta ce a kan kowanne, da inda muka kwana. Da muka gama ya ce, "Yaya, ƙafafun nasa sun saɓe?" Na ce tukuna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Rabi, da Malam Isiyaku, da mai motar tumatir da ya ƙi karɓar ko sisi. Kawu kuma ina roƙon ku sa shi a addu'a. Na karya masa alkawari, kuma ranar da za a sake auna jininsa ni zan gaya masa da bakina.